Ruwa a Rufin Fijo

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

An kwana ana ruwa. Na ɗaga tamfol na duba, ramin rufin ya cika taf, kajin Ukasha maƙwabcina sun hau suna sha. Fijo 404, motar da aka zauna aka ƙera da hankali, yau ita ce kaskon ruwan kaji. Na jefi zakaran da takalmi, ban same shi ba.

Littafin nan na Murja ne, 'yata, tun na makaranta. Na juya shi ta baya. Wata uku na yi a yaƙi da jahilci kuma sun ishe ni. Masu shekara ashirin a aji na gan su, ƙusa ma a karkace suke buga ta.

Jiya da yamma Philomena ta zo daga Kudan a kan babur. 'Yar Nehemiya ce. Shekara goma sha bakwai ban faɗi sunan nan ba, yau ma don takarda ta san wanda nake nufi ne. Ta durƙusa ta yi ta gaisuwa kamar ba za ta ƙare ba, sannan ta ce:

"Baba Gambo, jikin Baba ne. Ɓarin dama ya shanye, magana ma sai da ƙyar. Yaya Felix zai tafi da shi Fatakwal ran Asabar talatin ga wata. Ba tafiyar dawowa ba ce."

Na ce Allah ya sawwaƙe, yaya damina a wajenku?

Ta ce, "Baba, hannun nan mai lafiya kullum a sama yake, ya dunƙule shi haka, kamar mai tokare wani abu. Mun rasa me yake nufi."

Na ce ni ba likita ba ne. Murja ta ba ta fura. Ta tafi.

Talata, 5 ga Agusta, bayan La'asar

Bari in rubuta shi sau ɗaya, kada gobe wani ya ce Gambo ya tsufa ya ruɗe.

Shekara ashirin da shida muka yi da mutumin nan a gareji ɗaya a Makarfi, aikin fanel-bita. Ni ke waje da guduma, shi ke ciki da ƙarfen tokare. Gidajenmu katanga ɗaya. Ranar wata Laraba ya ɗauki motata ba da izinina ba, ya kifar da ita a kwalbati a hanyar Zariya, ya lotsa mini rufi. Shi ke nan maganar. Abin da ya faru ke nan. Duk wanda ya ƙara wani abu a kai, surutunsa ne.

A gaban mutane na rantse da Allah ba zan sake taka ƙofar gidansa ba sai ranar da rufin nan ya koma yadda yake. Na jawo motata na dawo Ikara garin ubana, shi ya koma Kudan nomar dankali. Ya dace da shi. Dama can kansa kamar dankalin.

Tun daga nan babu abin da ban gyara a jikinta ba. Inji na sauke shi sau biyu. Kujeru an sake ɗinki. Ƙofofi huɗu suna rufuwa da yatsa ɗaya. Duk Juma'a ina tayar da ita ta sha iska. Rufin ne kawai na bari, kuma da gangan na bari, don kowa ya ga aikin wasu.

Yanzu na ga dama zan gyara shi. Motata ce. Ba don an kawo mini wani labari ba.

Laraba, 6 ga Agusta, da safe

Ban taɓa ta ba. Gwiwa ce.

Alhamis, 7 ga Agusta, da hantsi

Na cire silin na ciki. Ɓeraye sun yi gari a wurin, har da unguwanni. Na auna lotsawar: tsawonta kamu ɗaya da rabi, faɗinta taƙi biyu na hannu, ta faro daga saman kujerar baya ta hagu ta gangaro tsakiya. Gefenta ya tashi ya yi tudu kamar kunyar rogo.

A bakin ƙarfen gefe akwai jar laka da ta bushe tun ran nan. Ta kwalbatin ce. Na kankare ta da wuƙa. Na zuba a gwangwanin madara, ban san dalili ba. Gobe zan zubar.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Malam Yahya limamin unguwa ya tare ni a bakin rijiya. Wato Murja ta kai ƙarata. Yaron da na san ubansa yana tallan rake, yau shi ke shafa gemu yana yi mini wa'azi.

"Baba Gambo, ai addini sauƙi ne. Wanda ya yi rantsuwa ya ga abin da ya fi ta alheri, sai ya yi kaffara ya aikata alherin. Ka ciyar da miskinai goma, ka hau mota ka je ka duba maƙwabcinka."

Na ce Malam, kaffara ta wanda ya yi kuskure ce. Ni wane kuskure na yi?

Ya ce Allah ne masani.

Na ce to ka bar wa Masanin. Ni rufi na ce, rufi zan miƙar. In ya miƙe in je in nuna masa aikin da na yi ni kaɗai, ba tare da dunƙulallen hannunsa ba, in juyo. Ziyarar ke nan.

Ya yi murmushi irin na malamai. Na tsani murmushin nan.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan Azahar

Ga matsalar rufi, don jahilan da ba su sani ba. Ƙofa ko marfin inji, mutum ɗaya zai riƙe ƙarfe da hagu ya buga da dama. Rufi kuwa hannu ba ya kewaye shi. Dole wani ya zauna ciki ya tokare, wani ya hau benci a waje ya buga. Ba sa ganin juna. Kwano ne tsakaninsu.

Na ce zan yi dabara. Na kafa jak a ƙasan mota, na ɗora gungumen icce, na shimfiɗa katako a sama, na yi ta murzawa a hankali. Ya fara tasowa, ina jin daɗi, na ƙara murza biyu. Sai ɓam. Tsakiya ta yi tsalle sama kamar ƙoƙon kai, gefe yana nan da tudunsa. Na sauke jak, ta sake cewa ɓam ta koma ƙasa.

Ukasha yana leƙe ta katanga. "Baba, ganga kake haɗawa?"

Na ce eh, ta bikin zakaranka ran da zan yanka shi.

Jak ɗin ne. Na zamani ne, ba ya jin hannu.

Laraba, 13 ga Agusta, da safe

Saura kwana goma sha bakwai. Ba ƙirgawa nake ba, kalandar ce a rataye a gabana.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan La'asar

Bilya ɗana ya zo daga Zariya da farar riga, wai shi injiniya, yana soka wa motoci kwamfuta ta gaya masa ciwonsu. Da ita za ta auro masa mata ma ya huta. Ya zagaya motar hannu a aljihu.

"Baba, wannan ai aikin rabin yini ne. A cika shi da fila, a goge da samfefa, a fesa fenti. Wallahi ko kai ba za ka gane wurin ba."

Na ce ni zan gane. Fila! A cusa wa rami ƙulli a shafe shi, a ce ya warke. Damina biyu ya tsage ya zubo kamar hodar tsohuwa. Ni na rantse rufi zai miƙe, ban rantse zai yi kwalliya ba.

Na sa shi ya shiga ya riƙe mini ƙarfe. Na yi masa bayani kamar ana koya wa jaki karatu. Ba a bugun rami. Tudun da ke kewaye da ramin ake bugawa, sannu sannu, daga inda lotsawa ta ƙare a koma inda ta faro. Na ciki ya tokare ramin, ya tsaya yatsa biyu gefen guduma, kada ya shiga ƙarƙashinta. In ƙarfe ya haɗu da guduma kai tsaye, kwanon ne ke matsewa a tsakani, ya yi laushi ya baje kamar waina.

Ya ce ya gane.

Bugu na uku na ji ƙal. Ya shigo ƙarƙashina. Na ce matsa. Ya ce ina? Na ce ka saurara mana, kunnenka na ado ne? Ƙal. Ƙal. Can na ji yana magana, na leƙa, ashe waya ce a ɗaya hannun, yana gaya wa wani ya canza batir.

Na ce fito.

Shekara ashirin da shida ban taɓa ce wa wancan mutumin matsa ba. In na ƙwanƙwasa ɗaya, ya tsaya. Biyu, ya yi gaba. In ya ga zan yi ɓarna sai ya ƙwanƙwaso uku daga ciki, wato dakata, Sarkin Guduma. Ba yabonsa nake ba. Jaki ma in ya daɗe a hanya yana sanin gida.

Da zai tafi Bilya ya tsaya a zaure ya ce, "Baba, Inna dai ta riga ta tafi. Kwana ya ƙare ne. Me ya rage?" Na ce babur ɗinka na tare wa awaki hanya.

Lahadi, 17 ga Agusta, da yamma

Ruwa. Rami biyu yanzu, nawa da na Bilya. Kajin sun samu na wanka da na sha.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan Magariba

Na je kasuwar Makarfi sayen garin wutar walda. Rabona da garin nan tun bara waccan. Inda garejinmu yake an kafa shagon cajin waya, an yi masa fenti ruwan ɗorawa. Durumin yana nan. Ƙusar da muke rataye fitila tana jikinsa, itacen ya kusa haɗiye ta.

Na zagaya wajen masu bugun mota na yanzu ko zan samu mai riƙe ƙarfe. Allah wadaran naka ya lalace. Kowa da faranti a hannu yana kwaɓa fila kamar mai tuyar ƙosai. Na tambayi babbansu, wani Abdulrahman mai tumbi, ko yana da wanda ya iya tokare rufi. Ya ce, "Baba, wa ke wannan wahalar yanzu? In rufi ya lotse yanke shi muke, mu ɗora na gwangwan." Sannan ya ƙura mini ido ya ce, "Kai ne Gambo na Nehemiya?"

Na Nehemiya. Kamar akuyarsa.

Na wuce ta rumfar 'yan dara ban tsaya ba. Har yanzu a wuri ɗaya take, bayan 'yan mazarƙwaila. Tsofaffin banza, sun zauna suna tura tsakuwa a rami, gidajensu na iya cin wuta ba su sani ba. In aka aiko kiran mutum sai ya ce bari a gama wannan. Na san irinsu.

Ban sayi komai na ci ba. Kasuwar wari take yi.

Juma'a, 22 ga Agusta, da hantsi

Tun shekaranjiya Murja ke cewa in bari ta riƙe. Na ce mace da ƙarfen tokare, sai ka ce gari ya ƙare. Ta ce ai garin ya ƙare, Baba, kowa ka kore shi. Bakinta na uwarta ne.

Yau na bari. Ta ɗaure zani ta shiga kujerar baya. Ban so in rubuta ba, amma ta fi Bilya sau goma. Tana saurare. Mun kwantar da tudun gaba kusan taƙi guda. Sai hannunta ya gaji, ƙarfen nauyi gare shi, na ce ta huta.

Tana ciki ina waje a kan benci, ba ma ganin juna. Ina jin shi ya ba ta baki. Ta ce:

"Baba, nan fa na zauna ran nan. Daidai nan. Kan Inna a cinyata."

Na ce ɗauki ƙarfe.

Ba ta ɗauka ba. Ta yi ta magana. Ba zan rubuta ba. Tana shekara goma sha huɗu a lokacin, me ta sani, yarinya a firgice tana ganin abin da babu.

Na ce ta fita mini daga mota. Ta fita. Na hau bencin na yi ta bugu ni kaɗai, ba kowa a ciki, a tsakiyar ramin, inda na hana Bilya. Ban san ko sau nawa ba. Ukasha ne ya riƙe mini hannu.

Asabar, 23 ga Agusta, da safe

Kwanon ya baje. Yatsa ka ɗora ya ce ɓam. Ko almajirin aiki na sati ɗaya ba zai yi wannan ba.

Lahadi, 24 ga Agusta, da rana

Murja ta ajiye tuwo a ƙofa ta juya. Gishiri ya yi yawa. Da gangan ne.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan Azahar

Wai ran nan sau biyu aka aiko Murja rumfar dara a kasuwa kirana. Sau ɗaya na sani.

Wai da mutumin nan ya ga babu makulli sai ya tsinke waya ya haɗa. To makullin mota a aljihun mai mota yake zama, ina kuma zai zauna? Kuma da safen nan da na fita zazzaɓi ne kawai, irin na damina, kowa na yi. Na ce a dafa wa uwarta ganye. Wa zai ce ba a dafa wa mai zazzaɓi ganye?

Wai tayar baya ce ta sulɓe a laka. Ya sha gaya mini tayar ta cinye. To shi da ya san ta cinye me ya kai shi gudu?

Wai da motar ta kife shi ya jawo su ta taga, kansa na jini, ya goya ta a baya, matar wani, yana tafe yana ba ta haƙuri, har bakin titi inda suka samu motar rake. Wai a asibiti an ce da an zo da safe.

Wannan duk ba a taɓa gaya mini ba. Ko an gaya mini ban ji ba, mutane sun yi yawa a wajen zaman makoki, kowa da bakinsa. Abin da na sani shi ne ya zo ya tsaya a ƙofa da tsumma a kai, ni kuma na tashi na nuna masa rufin. Bai ce komai ba. Da ya yi magana mana. Mutum ya tsaya kamar turmi ana zaginsa, laifin wa?

Gwangwanin madarar yana nan a kan taga. Na manta ne.

Talata, 26 ga Agusta, bayan La'asar

Kwanon da ya baje wuta ce maganinsa. A gasa wuri kamar girman kwabo har ya yi ja, a buga kewayensa da sauri, a danna jiƙaƙƙen tsumma, ya tsuke ya koma. Na yi guda tara yau. Murja ce ke miƙo tsumma. Ɓam ɗin ya daina. Amma tudun baya na hagu, inda motar ta fara dira, yana nan kamar an gina shi. Wannan sai an tokare shi daidai, da mai jin inda guduma za ta sauka kafin ta sauka. Duk ƙasar nan mutum ɗaya ne.

Philomena ta kira wayar Murja. Wai Felix ya iso, an fara ɗaure kaya. Wai 'yan cocinsu sun zo addu'ar sallama. Ban tambaya ba, a tsakar gida take magana da ƙarfi kamar mai kiran shanu.

Saura huɗu.

Laraba, 27 ga Agusta, da yamma

Na wanke fulogi, na zuba mai, na duba birki. Na sa sabuwar taya a baya ta hagu. Tana rataye a ɗakina shekara goma sha bakwai, sai da na duba ko ta bushe. Ta ɗan bushe. Za ta kai.

Na sake tuna lafazin rantsuwata kalma kalma. Ƙofar gidansa na ce. Ban ce garinsu ba. Ban ce titin gaban gidansa ba, wannan na hukuma ne. Malam Yahya da littattafansa bai hango wannan ba.

Na ce wa Murja gobe ta shirya, zan gwada inji a doguwar hanya. Ta ce wace hanya? Na ce duk wadda ta samu. Ta ce to bari ta dama fura ta tafi da ita, ko hanyar na son fura.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan Isha'i

Mun tashi da hantsi. Ba silin, rufi duk tabon wuta kamar bayan damisa, bencina a ɗaure a but. A Makarfi 'yan acaɓa suka bi mu da ihu, wai a kai ta gidan tarihi. Uwarsu ce tarihi. Ta wuce su ko tari ba ta yi ba. Da muka zo kwalbatin, an sake shi da siminti. Murja ta kalli gabanta, ni ma ina kallon hanya, hanyar ba kyau.

Gidan a bayan gonar rake yake, jan ƙyaure. Na tsaya a titi, taku goma daga ƙofa, na kashe inji. Felix ya fito, ƙato da gajeren wando kamar ɗan ƙwallo.

"Baba Gambo! Sannu da zuwa, ku shigo, ku shigo."

Na ce ba shiga na zo ba, aiki na kawo. A fito mini da shi.

"Baba, ai ba ya iya tashi."

Na ce dama can a zaune yake aikinsa, malalaci ne tun asali.

Ya kalli Philomena, ita kuma ta riga ta juya ciki da gudu. Suka fito da shi a kan kujerar roba, su biyu. Ya ƙanƙance. Bakin ya karkace, hannun dama a kwance a cinya kamar ba nasa ba. Tabon yana nan a goshi. Ban taɓa ganinsa ba sai yau, da tsumma na san shi.

Ya kalle ni. Ya kalli rufin. Ya daɗe a kan tabon wutar. Sannan ya motsa baki da ƙyar, sai da Philomena ta sunkuya.

"Wai ya ce wane maƙeri ne ya yi wannan ɓarnar."

Na ce gaya masa Bilya ne.

Aka zaunar da shi a kujerar baya ta hagu, aka tokare shi da filo. Na sa masa ƙarfen a hannun hagu. Yatsun suka rufe a kai tun kafin in saki. Murja ta shiga ta tallafe masa gwiwar hannu don nauyi. Felix yana ta faɗin likita ya ce, likita ya ce. Na ce likita ya zo ya riƙe mana in ya iya.

Na hau benci. Mutanen unguwa sun taru, Kudan ba su da aikin yi.

Na ƙwanƙwasa ɗaya.

Shiru. Na ce a raina shi ke nan, hannun ya manta, na wahalar da mai a banza.

Sai na ji shi ta cikin kwanon, ya taso a hankali, ya zauna yatsa biyu gefen guduma. Daidai. Ba ɗaya da rabi ba.

Na buga. Tudun ya sauka kamar an lallashe shi. Biyu, ya yi gaba. Ɗaya, ya tsaya. Muka bi kunyar nan tun daga wutsiya, muna hutawa duk bayan kaɗan don hannun na gajiya. Da muka zo kan kusurwa, inda ta faro, raina ya ɗan tashi, na ɗaga gudumar sama fiye da kima. Sai ƙwan, ƙwan, ƙwan daga ciki.

Na dakata. Wani abu ya shiga mini ido, tsatsa ce, rufin nan duk tsatsa. Na daɗe ina gogewa. Ba wanda ya ga komai, ina sama.

Na ce ta cikin kwanon, ba da ƙarfi ba, makullin yana aljihuna ran nan.

Ɗaya ya ƙwanƙwaso. Tsaya a nan, ke nan. Ko kuma hannun ne ya zame. Na buga a hankali, kusurwar ta kwanta.

Ana kiran La'asar muka gama. Na ce a kawo buta. Philomena ta hau bencin ta tsiyaya ruwa a tsakiyar rufi. Ya gangara gaba, ya gangara baya, ya zuba ta gefe. Sai ɗan kaɗan da ya tsaya a baya ta hagu, bai fi cikin cokali ba.

Wani mai baki a cikin taron ya ce, "Baba, saura kaɗan."

Na ce ƙasar Kudan ce ba daidai ba, duk garin a karkace yake, har mutanen. A Ikara ba zai tsaya ba. Rufi ya miƙe.

Na ɗauki ƙafar kujera ɗaya, Felix ɗaya, muka shiga da shi. Ƙofar ma gajera ce, sai da na sunkuya. Na yi sallata a tsakar gidansu, Philomena ta shimfiɗa mini sabon buhu. Furar Murja muka sha, rabi yana zubo masa ta gefen baki, ina goge masa da hulata. Ya ce na tsufa. Shi da ake ɗauka kamar buhun masara.

Asabar, 30 ga Agusta, da hantsi

Sun tafi da asuba, in ji Philomena. Wai an yi an yi ya saki ƙarfen ya ƙi, da shi aka sa shi a mota. Ƙarfena ne. Ya sake ɗaukar mini kaya ba izini.

An yi ruwa. Na ɗaga tamfol. Cokali ɗaya, a baya ta hagu, a nan Ikara.

Bilya ya kira wai ya kawo fila kaɗan a shafe wurin kafin fenti. Na ce wanda ya taɓa shi sai na karya masa hannu.